Duron da ke jawo ruwa ba mai ba sola: gaskiya ne ko algus?

Sabi'u Mai Albasa: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Don Allah ku duba min bidiyon nan da na turo. Wani ne ke tallarsa, ya ce duro ne da aka toshe ko'ina, an jona masa tiyo biyu, ɗaya ya shiga rijiya ɗaya ya fita gona. Sau ɗaya za ka cika shi da ruwa, ka buɗe famfon ƙasa, shi ke nan ya yi ta zuƙo ruwa da kansa dare da rana. Ba fetur, ba sola, ba batir. Ya ce dubu ɗari da ashirin har da kafawa. Wallahi tun da aka cire tallafin mai a 2023 abin da inji ke sha ya kusa cinye albasar da nake cirewa. Gonata tana can gefen Bunkure inda ruwan kanal ba ya kaiwa, da 'yar rijiya nake ban ruwa. In abin nan gaskiya ne, gobe zan kai kafin alƙalami.

Ɗanladi Makanike: Wa alaikumus salam. Yaya Sabi'u, kar ka ba shi ko sisi. Shekara goma sha bakwai ina kwance injin ban ruwa ina ɗaurawa, ban taɓa ganin ruwa ya hau sama ba tare da wani abu ya tura shi ba.

Aminu: Oga Ɗanladi, rashin gani ai ba hujja ba ne. Da can wa ya taɓa ganin rana na ɗebo ruwa? Yau ga sola a gonaki. Ni na kalli bidiyon sau uku, ruwa na zuba, ba waya ba inji.

Malam Nura: Aminu, ka kawo misali mai kyau, amma yana goyon bayan Ɗanladi ne. Sola tana da inda take samo ƙarfinta: hasken rana, wanda da tsakar rana kan kai kusan wat 1,000 a kan kowace murabba'in mita. Ka rufe faifan da bargo, famfo ya tsaya nan take. To shi duron nan me za ka rufe ya tsaya? Daga ina yake ci?

Bari mu yi lissafin a fili. Duro mai lita 200, ruwan cikinsa kilo 200 ne. Ɗaga shi mita 5 daga cikin rijiya zuwa bakin gona yana cin makamashi kusan jul 10,000 (jul shi ne ma'aunin makamashi). Ko jaki ya ja, ko mutum ya yi guga, ko fetur ya ƙone, sai an biya wannan adadin, ba ragi. Abin da muke koya wa yara a aji ke nan: makamashi ba a ƙirƙirarsa, ba ya kuma ɓacewa, kamanninsa kawai yake sauyawa. Duk wanda ya ce maka ruwa na hawa kyauta, ka tambaye shi wa ya biya.

Baba Idi: Yaro ya yi gaskiya. Mu da muka yi lambu da jigo kafin a gama dam ɗin Tiga a 1974 mun san wannan a kafaɗunmu. Jigo yana da curin laka a gindin sanda, shi ke ɗaga maka gugan idan ya cika. Baƙo in ya gani sai ya ce ai lakar ce ke aikin. Amma kafin guga ya sauka cikin ruwa, kai ne za ka ja igiya ƙasa da ƙarfinka ka ɗaga lakar nan sama. Abin da ka ba ta shi take mayar maka. Da la'asar hannu ya yi kanta, baya ya ƙage, nan za ka san wanda ya ɗebi ruwan.

Aminu: Baba, Allah ya ƙara lafiya, na yarda da maganar jigo. Amma a Kadawa da Kura kullum muna ganin saifon. Ka lanƙwasa bututu, ka cika shi, ka toshe da tafin hannu, ka jefa bakinsa cikin gona, ruwa ya haura gaɓar kanal da kansa ya yi ta zuba har sai ka cire. Ruwan nan sama ya fara yi kafin ya sauka. Wa ya biya?

Malam Nura: Dam ɗin Tiga ne ya biya, ko in ce damina. Ka lura da abu ɗaya: bakin saifon da ke cikin gona kullum yana ƙasa da fuskar ruwan kanal. Ɗaga shi ya zo daidai da ruwan kanal ka ga ko zai ɗiga. Hawan da yake yi a tsakiya rance ne, yana biya a gangaren. Shi kuwa Malam Sabi'u ruwansa yana ƙasa, gonarsa tana sama. Iska ce ke danna ruwan kanal ta tura shi cikin bututun, amma ba za ta kai shi inda ya fi tushensa tsawo ya zauna ba.

Zainab Idi: Malam, a gafarce ni, ina da ɗan gyara a kan "iska ce ke turawa". An yi gardama a kan wannan ba da daɗewa ba. A 2010 wani malamin fiziks a Ostireliya, Stephen Hughes, ya nuna cewa babban ƙamus ɗin Turanci na Oxford ya kusan shekara ɗari yana cewa matsin iska ne ke tafiyar da saifon, alhali nauyin ruwan da ke dogon ɓangaren ne ke ja. Iska tana danna bakin nan tana danna wancan, kusan daidai da daidai. Aikinta shi ne ta hana ruwan tsinkewa a ƙololuwa. A 2015 ma an gwada da ruwan da aka cire wa iskar da ke narke a cikinsa, saifon ya haura mita 15, ya wuce iyakar mita 10 da ake cewa ba a wucewa.

Malam Nura: Na karɓi gyara, Zainab, Allah ya yi albarka. Sai dai ruwan kanal ɗinmu ba wanda ya cire masa iska, don haka a gona iyakar mita 10 tana nan daram. Amma kin yi daidai, abin da ke tafiyar da shi bambancin tsawo ne.

Ɗanladi Makanike: Wannan mita 10 ɗin ita ce ciwon kaina duk watan Maris da Afrilu. Ruwa ya yi ƙasa, mutum ya zo min da inji a bayan babur yana cewa ya lalace. In kunna shi a shago ya yi lafiya lau. Wani ma ya sayi babba mai inci uku, ya ce ko ƙaramin ne ba shi da ƙarfi, shi ma ya ƙi ja. A aikace ko mita 10 ba ta kaiwa, da ruwa ya wuce mita bakwai zuwa takwas sai ka ji inji na kukan tsakuwa a ciki, tiyo na rawa, ruwa na fita da kumfa. Maganinsa a haƙa rami a saukar da injin kusa da ruwan. Amma ban taɓa sanin dalili ba, na dai san haka yake.

Malam Nura: Ɗanladi, abin da ya dame ka shi ya dami masu haƙar rijiya a Italiya shekara kusan 400 da suka wuce. Galileo ya rubuta a 1638 cewa famfon zuƙa ba ya ɗaga ruwa ya wuce kamar mita 10, kuma ya ɗauka ruwan ne ke tsinkewa saboda nauyinsa, kamar igiyar da ta yi tsawo da yawa. Malaman da kuwa tun zamanin Aristotle cewa suke halitta ba ta yarda da wofi, shi ya sa ruwa ke bin famfo ya cike gurbi. Almajirin Galileo, Torricelli, shi ya warware a wajen 1643 zuwa 1644. Ya cika bututun gilashi da zaiba ya kife shi a kwano, zaibar ta tsaya a santimita 76. Zaiba ta fi ruwa nauyi sau 13.6, ka ninka za ka samu mita 10 da 'yan kai. Ashe inji ba ja yake ba. Rage iskar cikin tiyo yake yi, iskar waje ta danna ruwan rijiya ya hau. Ƙarfin dannawarta kuwa iyakarsa ke nan, ko da injin jirgi ka kawo. Mutane ba su yarda nan take ba, sai da aka hau da zaibar kan wani dutse a Faransa a 1648 aka ga ta sauka, don iskar sama ba ta kai ta ƙasa nauyi ba.

Aminu: To Malam ka ga abin da nake faɗa. Galileo guda ya yi kuskure. Ƙamus ya yi kuskure shekara ɗari. Kai ma yanzu ɗalibarka ta gyara maka. Me zai hana wannan dokar ta makamashi ita ma gobe a wayi gari a ce kuskure ce? Me ya sa mu in Bature ya ce abu ba ya yiwuwa sai mu naɗe hannu? Wataƙila wani talaka ne ya gano abin da suka kasa.

Hajiya Rabi: Ni tambayar Aminu ta shige ni. Ina sayen shinkafa ina turarawa, itace da man inji sun ishe ni. In akwai ko ƙofa ɗaya a bar ta a buɗe mana.

Malam Nura: Hajiya, ba wanda ya fi ni son a samu ƙofar, ni ma ina noman tumatir bayan makaranta. Aminu kuma, tambayarka ita ce ta gaskiya, ka ba ni lokaci in amsa.

Dokar nan ba wani ne ya zauna a kujera ya zartar ba. Da faɗa aka same ta, faɗa mai zafi. Descartes na Faransa ya ce abin da ba ya ɓacewa a motsi shi ne nauyi sau gudu. A 1686 Leibniz na Jamus ya fito fili ya ce wannan kuskure ne, nauyi ne sau gudu sau gudu. Aka rabu biyu, aka shafe shekaru fiye da hamsin ana rubuce-rubuce. Abin da ya fara karya gardamar ba baki ba ne, laka ce. Wani ɗan Holan, 's Gravesande, a 1722 ya riƙa sako ƙwallayen tagulla a kan laka mai laushi yana auna ramin da suka yi. Ƙwallon da ya zo da ninki biyu na gudu ya yi rami ninki huɗu, mai ninki uku ya yi ninki tara. Kuma ka sani, shi da kansa yana ɓangaren masu adawa da Leibniz ne kafin gwajin, lakar ce ta sa ya sauya. Wata Bafaranshiya, Émilie du Châtelet, ta ɗauki sakamakon ta kare shi a 1740 gaban manyan maza da suka ƙi yarda. Daga baya aka gane kowane ɓangare na da rabin gaskiya: abubuwa biyu ne daban, kuma dukansu ba sa ɓacewa.

Saura tambaya ɗaya da ta fi wuya: ƙwallon ya tsaya cikin laka, ina ƙarfinsa ya tafi? Sai a 1840 wani likitan jirgin ruwa, Robert Mayer, da ya je tsibirin Java ya ga jinin matuƙa ya fi ja a ƙasar zafi, ya fara tunanin alaƙar abinci da zafi da aiki, ya buga ra'ayinsa a 1842. A Ingila kuma James Joule ya riƙa juya fanka cikin tukunyar ruwa da nauyin da ke sauka a igiya, yana auna ɗumin da ruwan ya ƙara. Amsar ita ce zafi. Ruwa in ya faɗo daga mita 43, ɗumin da zai ƙara kashi ɗaya cikin goma ne na digiri, shi ya sa ba wanda ya lura tsawon zamani. Su biyun ma sai da aka yi rigimar wa ya riga wa, har ta taɓa lafiyar Mayer ƙwarai, kafin a karrama Joule a 1870, shi kuma a 1871.

Masu injin da ke tafiya da kansa kuwa ba yau suka fara ba. Tun a 1775 majalisar masana kimiyya ta Faris ta ce ta daina duba irin waɗannan injuna, saboda yawan waɗanda aka kawo ba ko ɗaya da ya yi aiki, ga mutane na ƙarar da dukiyarsu a kai.

Liman: Assalamu alaikum. Na bi maganar tun daga sama. Kada dai mu manta Allah mai iko ne a kan komai. Amma Shi ne kuma Ya sanya wa kowane abu ma'auni, Ya ɗora duniya a kan sababi. Wanda bai shuka ba ba ya zuwa girbi ya ce ai Allah mai iko ne. Abin da ya shafe ni shi ne cinikin. In mai kaya ya san abinsa ba ya aiki ya ɓoye, algus ne, kuɗin haram ne. In kuwa yana da gaskiya, ba zai ƙi a gwada a gonar mai saye kafin a biya ba. Malam Sabi'u, ka ce ya zo ya kafa, ya yi aiki daga hantsi zuwa la'asar a gaban shaidu.

Sabi'u Mai Albasa: Allah gafarta Malam, haka zan yi. Yanzu na tura masa saƙo.

Aminu: Ban gama ba fa. Zainab, ke da kike Jami'ar Bayero, ki faɗi gaskiya tsakaninki da Allah. Lissafin ruwa ya kammala? Na taɓa jin har kyauta aka sa a kansa.

Zainab Idi: Yaya Aminu, bai kammala ba, kuma ba zan ɓoye maka ba. A 1752 wani masanin lissafi na Faransa, d'Alembert, ya bi lissafin ruwa na zamaninsa tiryan-tiryan, ya fito da cewa abin da ke tafiya cikin ruwa da gudu ɗaya ba zai ji wata turjiya ba ko kaɗan. Duk wanda ya taɓa tsoma ƙafa a kanal ya san ƙarya ne. Shekara 150 masu lissafi suna gefe, masu gina magudanan ruwa suna gefe, kowa na raina ɗan uwansa. Sai a 1904 Ludwig Prandtl ya nuna inda aka yi sakaci: an ɗauka kaurin ruwa ƙanƙane ne har a iya watsar da shi, alhali a jikin bango akwai wani siririn fale-falen ruwa da ke manne, ba ya motsi, na kusa da shi na gogarsa. Daga wannan ɗan wurin turjiyar take fitowa. Lissafin da ya haɗa da kauri, na Navier da Stokes, tun 1822 zuwa 1845 yake, amma a 2000 wata cibiyar lissafi a Amurka ta sa dala miliyan 1 ga wanda zai tabbatar ko kullum yana ba da amsa mai santsi ko yana iya fashewa.

To amma ka duba inda gardamar take. Ba wanda ke cewa ruwa na haifar da makamashi. Ana faɗa ne a kan yadda yake zubar da shi: babban juyi ya farfashe zuwa ƙanana, ƙanana zuwa mitsi-mitsi, har ya zama zafi. Duk abin da ba mu gane ba a ruwa, a ɓangaren asara yake. Mai duro kuwa riba yake iƙirari.

Aminu: Kuma ba wani babban masani da ya taɓa shakkar dokar kanta?

Zainab Idi: An yi, manya ma. A shekarun 1920 an ga wasu ƙwayoyin zarra na fitar da ƙwayoyin lantarki masu makamashin da bai cika lissafi ba, kullum da gibi. Niels Bohr, wanda ya ci kyautar Nobel a 1922, ya ce wataƙila dokar ba ta aiki a can ciki. Wolfgang Pauli ya ƙi, a Disambar 1930 ya ce akwai wata ƙwaya da ba a gani da ke sulalewa da ragowar. Shekara 26 ana jira, a 1956 aka kama ta a Amurka, ita ce nutirino. Gibin da aka ce ya karya dokar shi ya nuna inda sabon abu yake ɓoye.

Akwai kuma wadda na fi so a duk labarin, Emmy Noether. A 1915 manyan masana lissafi biyu, Hilbert da Klein, suka kira ta jami'ar Gottingen a Jamus, don sun rasa gane yadda makamashi yake a sabon nazarin Einstein. Wasu malaman jami'ar suka ƙi a ba mace kujerar koyarwa, ta riƙa ba da darasi da sunan Hilbert. A 1918 ta tabbatar da dalilin dokar daga tushe: muddin ƙa'idojin halitta na yau su ne na gobe, to dole a samu wani adadi da ba ya sauyawa, shi ne makamashi. Yaya Aminu, ka ga nauyin abin da mai duro ke faɗa ke nan. In duronsa na aiki, ma'anarsa nauyin ruwa da safe daban ne da na yamma.

Kuma don kada ka ji a wani wuri ka ce na ɓoye: idan ana maganar sararin samaniya gaba ɗaya, da yake yana buɗewa, masana har yau suna saɓani a kan yadda za a faɗi dokar. Amma wannan magana ce ta tazarar taurari, ba ta taɓa rijiyar Kawu Sabi'u da komai.

Hajiya Rabi: Allah sarki, mace ta yi aikin amma a rubuta sunan wani a allo. Baba Idi, Allah ya raya maka yarinyar nan, kada a yarda ta tsaya a digiri ɗaya.

Baba Idi: Amin Hajiya, na gode.

Ɗanladi Makanike: Ni dai baki ya isa. Ina da duron roba a shago da tiyon lebur na magina, mai nuna ciki. Gobe bayan sallar asuba zan haɗa shi yadda yake a bidiyon, a rijiyar Yaya Sabi'u. Aminu ka zo da kanka, kai za ka buɗe famfon.

Aminu: Zan zo in sha Allahu.

Ɗanladi Makanike: Jama'a barkanmu da rana. Mun dawo. Ni da Aminu da Yaya Sabi'u da yaransa biyu. Mun ɗora duron a kan bulo, mun liƙe kowace mahaɗa da gam da robar taya har sai da muka tabbatar ba ya shan iska. Daga bakin rijiya zuwa ruwa mita huɗu ne, mun auna da igiya. Aminu ya buɗe famfo, ruwa ya zubo kamar rabin bokiti, gefen duron ya ɗan lotsa ciki. Muka leƙa rijiya da tocila: ruwa ya hau cikin tiyon kamar mita ɗaya da 'yan kai, ya tsaya cak, muna kallonsa. Famfon ya koma ɗiga, can sai ya fara ɓul-ɓul yana haɗiyar iska ta baki, duk haɗiya ɗaya ya tofo ruwa kaɗan. Ruwan da muka zuba da hannunmu shi ya yi ta fita. Na rijiya ko ɗigo bai iso ba.

Sai ƙaramin yaron ya ce a gwada da bahon wanki. Muka cika baho muka ɗora a kan amalanke, muka sa tiyon shiga a ciki, muka ja tiyon fita zuwa cikin kwari ƙasa da bahon. Nan kam ya yi ta zuba har baho ya ƙare.

Malam Nura: Wato ya koma saifon mai duro a tsakiya. Ku sake kallon bidiyon, za ku ga ba a taɓa nuna fuskar ruwan da bakin fitar a hoto ɗaya ba.

Aminu: Na gani da idona, ni na buɗe famfon, kuma na sa babban yatsa a jikin tiyon daidai inda ruwan ya tsaya, bai ƙara ko kaɗan ba. Wannan duron ba ya aiki, na janye. Amma Malam, na ga wani daban a YouTube mai ƙwanƙwasa kamar maƙeri, yana tura ruwa kan tudu ba mai. Shi ma ƙarya ne?

Malam Nura: A'a, wannan gaskiya ne, kuma tsohon abu ne. Montgolfier na Faransa ya ƙera shi a 1796. Ruwa ne ke gangarowa cikin bututu da gudu, bawul ya rufe farat ɗaya, bugun ya tura kaɗan daga ciki zuwa sama. Amma dubi lissafinsa: lita 100 in ta sauka mita 1, iyakar abin da za ta iya ɗagawa zuwa mita 5 lita 20 ce, a aikace ma bai fi sha biyu ko sha uku ba, sauran duk ya zube a gindinsa. Yana buƙatar ruwa mai gudu da gangare. A rijiya ba shi da abin ci.

Sabi'u Mai Albasa: Mai duron ya amso. Ya ce shi ba ya kafawa sai an biya rabi, kuma wai in aka taru ana kallo abin ba ya yi. Na ce masa Allah ya ba mu alheri. Na gode muku ƙwarai, dubu ɗari da ashirin ɗin nan kuɗin taki ne da na ware. Amma matsalata tana nan, injin na shan mai kamar me.

Ɗanladi Makanike: Na ga dalili yau. Tiyonka na fita ya fi mita tamanin, inci biyu ne, ya lanƙwashe wuri uku, ga faci da ledar burodi. Na taɓa murfin famfon bayan awa ɗaya ya yi ɗumi. Rabin wahalar injin nan da tiyo yake yi, ba da rijiya ba.

Zainab Idi: Kawu, wannan ɗumin shi ne man da ka saya. Asarar cikin tiyo tana tafiya ne da gudu sau gudu, abin nan dai na Leibniz. In ka koma inci uku kana tura ruwa daidai da na da, gogayyar za ta ragu kusan ninki bakwai. Ka miƙar da lanƙwasar, ka rage tsawon in zai yiwu, ka saukar da injin cikin rami kamar yadda Oga Ɗanladi ya ce.

Hajiya Rabi: Ni kuma ina ganin mu huɗu ko biyar da gonakinmu ke jere mu haɗa kuɗi mu tambayi farashin famfon sola mai nutso, a riƙa ban ruwa bi da bi. Wanda ke so ya yi min magana ta gefe.

Aminu: Oga Ɗanladi, akwai inda ruwan da ya fito daga gonakin shinkafa ke faɗawa cikin rafi ta bayan gonar Baba Idi, ina jin faɗuwar ta kai mita ɗaya. In Baba ya yarda, ranar Asabar mu je da igiyar awo da bokiti mu ga lita nawa yake zubarwa a minti. Ina so in ga mai ƙwanƙwasar nan da idona.

Baba Idi: Na yarda ɗana. Ku zo da wuri kafin rana ta yi zafi, kuma ku taho da fartanya, bakin wurin ya cika da ciyawa.

Ɗanladi Makanike: Bawul biyu na tagulla za mu nema, inci ɗaya, da guntun bututun ƙarfe kamar mita shida. Na roba ba ya ɗaukar bugun. Aminu, in za ka shiga Kano gobe ka biyo ta shago in rubuta maka.